Me Ke Hana Ƙwai Ƙyanƙyashewa, Me Ke Gurgunta 'Yan Tsaki?

Gabatarwa

Kiwon kaji ya zama sana'ar da matasa da dama, har da ɗalibai, ke rufa wa kansu asiri da ita. Maimakon sayen 'yan tsaki daga manyan gidajen ƙyanƙyasa irin na Ibadan, wasu kan sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa su zuba ƙwai da kansu. Sai dai sau da yawa murna kan koma ciki. Mutum zai yi mako 3 yana sayen mai yana hana idonsa barci, ranar ƙyanƙyasa ya tarar rabin ƙwan baragurbi ne, cikin waɗanda suka fito kuma wasu ba sa iya tsayuwa. Wannan maƙala za ta duba dalilan hakan da hanyoyin gyara.

Aikin da kaza ke yi a gurbi

Kafin mu ga laifin inji, ya kamata mu san aikin da ya karɓa daga hannun kaza. Idan kaza tana kwanci, abu huɗu take yi wa ƙwai: tana ɗumama shi, tana riƙe masa danshi, tana juya shi, kuma tana barin iska ta ratsa shi. Ƙwan kaza na ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabuwa a kwana 26 zuwa 28, na talo-talo a kwana 28, na agwagwar gida kuwa sai ya kai kwana 35. Duk ɗayan abubuwa huɗun nan da inji ya gaza a kansa, a jikin ɗan tsako za a ga sakamakon.

Zafi da danshi

A injin da ke da fanka, zafin da ake so shi ne digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafi ya yi yawa, 'yan tsaki kan fito da wuri, ƙanana, cibiyarsu ba ta rufe ba, wasu da karkatattun yatsu. Idan ya yi ƙasa, sukan makara, su fito ba kuzari. Abin lura shi ne ƙwai ya fi jure sanyi na ɗan lokaci fiye da zafi mai tsanani. Saboda haka idan aka ɗauke wuta, kada a buɗe inji, a lulluɓe shi da bargo har a tayar da janareta.

Danshi kuwa shi ne ya fi rikita masu koyo. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan huduji da ruwa ke fita ta cikinsu a hankali. Ana so ƙwai ya rage kimanin kashi 12 cikin 100 na nauyinsa kafin rana ta 18, wato ƙwai mai giram 60 ya rage kamar giram 7. Gurbin da ruwan ya bari shi ne ke zama ɗakin iska a ɓangaren ƙwai mai faɗi, kuma nan ɗan tsako ke fara sa baki ya shaƙi iska kafin ya fasa ɓawo. Idan danshi ya yi yawa, ɗakin iskar ba zai yi girma ba, sai ɗan tsako ya shaƙe ya mutu bayan ya gama ƙosawa. Idan ya yi kaɗan, tantanin ciki zai bushe ya manne masa, ya kasa juyawa. Don haka ake riƙe danshi a kashi 50 zuwa 55 har rana ta 18, sannan a ɗaga shi zuwa kashi 65 ko 70.

A nan dole a yi la'akari da wuri da lokaci. Mai inji a Kano cikin hunturu yana bukatar ƙara ruwa a kai a kai, amma mai inji a Legas ko Kalaba cikin damina zai iya lalata ƙwansa idan ya cika faranti da ruwa, domin iskar kanta a jiƙe take.

Juyi da zaɓen ƙwai

Ana juya ƙwai ne don kada ɗan tayi ya manne a gefe guda. Mai juyawa da hannu ya yi aƙalla sau 3 a rana, ya sa alama da fensir a gefe biyu don kada ya rikice, ya kuma daina a rana ta 18. Idan a tsaye ake jera ƙwai, tsinin ya dubi ƙasa. Wanda aka kifa, kan ɗan tsakonsa kan tafi inda babu ɗakin iska. Haka nan a guji ƙwan da ya wuce kwana 7 a ajiye, da mai tsaga, da mai kashi a jiki. A rana ta 7 zuwa ta 10 a haska ƙwai da tocila cikin duhu: mai rai za a ga jijiyoyin jini, wanda ya fito fayau kuwa a cire shi.

Nakasar ƙafa

Wadda aka fi gani ita ce talewar ƙafa, inda ƙafafu ke bajewa dama da hagu, ɗan tsako ya kwanta bisa ƙirji. Yawan zafi a inji yana jawo ta, amma babban dalilinta shi ne santsi. Ƙafar sabon ɗan tsako ba ta yi ƙwari ba, idan aka ajiye shi kan leda ko jarida ko tayil sai ta zame. A shimfiɗa buhun algarara ko tsohon tawul. Wanda ya riga ya tale, a ɗaure ƙafafunsa biyu da siririyar filasta sama da yatsu, a bar tazara daidai da tsayuwar lafiyayyen ɗan tsako, a riƙa dubawa kullum har kwana 3 zuwa 5. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka gyaran ya fi kamawa a kwana biyun farko.

Ta biyu ita ce naɗewar yatsu. Idan a 'yan tsaki da yawa ta bayyana, a binciki abincin iyayen, domin ƙarancin bitamin B2 a jikin kaza yana bin ƙwai. Ana miƙe yatsun a kan ɗan kwali a manne su da filasta kamar takalmi, a kuma sa bitamin a ruwan sha.

Ta uku ita ce gocewar agara, inda gwiwa ke kumbura ƙafa ta murɗe waje. Tana da nasaba da ƙarancin sinadarin manganis da kolin a abinci, kuma idan ta daɗe da wuya ta gyaru. Akwai kuma laushin ƙashi, wanda ƙarancin kalsiyam da fosfaras da bitamin D3 ke haddasawa. Barin zakara yana barbarar 'ya'yansa shekara da shekaru shi ma yana ƙara yawan nakasa, don haka a riƙa sauya zakara.

A taimaka wa mai fitowa?

Ɗan tsako kan yi sa'a 12 zuwa 24 tsakanin huda ɓawo da fitowa. A wannan lokaci yake janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin jinin tantani kuma su ƙafe. Mai gaggawar ɓare masa ɓawo zai iya sa jini ya zuba ya mutu. Buɗe inji a kai a kai ma yana busar da tantanin sauran ƙwan.

Kammalawa

Kamar yadda muka gani, mafi yawan asarar ba daga sama take faɗowa ba, tana da dalilin da za a iya ganowa. Shawara ga mai kiwo ita ce ya fasa ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa ya duba, ya rubuta abin da ya gani. Wanda babu komai a ciki, a binciki zakara ko daɗewar ajiya. Wanda ya mutu da wuri, a duba zafi da tsafta. Wanda ya ƙosa amma ya kasa fitowa, a duba danshi da iska. Idan mutuwa ta yawaita bayan fitowa, a nemi likitan dabbobi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.