Kafin ka ɗaura tirela a bayan a-kori-kura (rubutaccen shirinmu na wannan mako)

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce me ya haɗa shirin matasa da tirela? To ka duba unguwarku. Matasa nawa ne yanzu ke cin abinci da hayar janareta a gidan biki, ko injin casar shinkafa, ko injin kwaɓa siminti? Yawancin kayan nan a kan ƙaramar tirela ake jan su a bayan a-kori-kura, kuma akasarinmu ba wanda ya koya mana. Makulli kawai aka miƙo, aka ce Allah ya kiyaye hanya.

Ni ma haka na fara. Bara da kaka ƙungiyarmu ta aro injin casa za mu kai wa manoman wani ƙauye, ni ne a sitiyari. Muka tura injin kan tirela, muka bar shi can baya wai don ya yi sauƙin saukewa. A cikin gari lafiya lau. Muna hawa babban titi na ƙara wuta, wata tanka ta wuce mu, sai kawai na ji bayan motar ya fara kaɗa wutsiya, dama, hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya. Abokina sai salati yake. Wallahi ba dabarata ba ce, tsoro ne ya sa na cire ƙafa daga totur, motar ta rage gudu da kanta har muka samu muka tsaya kusa da wani mai faci.

Wani dattijo, tsohon direba, ya taso daga benci ya zagaya mu. Ya ce, "Ɗana, wa ya ɗora muku kayan nan?" Na ce, "Mu ne, Baba." Ya ce in dubi bayan motar. Sai na ga ashe tirelar ɗaga ta take yi sama. Ya ce, "Ka taɓa ganin kurar mai ruwa da aka jera wa jarkoki a can ƙarshe kaɗai? Mariƙin sama yake tashi. Abin da kuka yi wa motarku ke nan."

To wannan shi ne babban darasin. Tirela kamar sikeli take, tayoyinta ne tsakiya. Idan nauyi ya koma bayan tayoyin, bakinta yana ɗaga ƙugun mota, tayoyin motar na baya su rasa riƙon kwalta, iska kaɗan ta isa ta fara rawa. Ƙa'idar da masu jan kaya ke bi ita ce kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin ya kasance gaban tayoyin tirela. Bakin tirelar kuma ya danna ƙugiyar mota da kamar kashi 10 zuwa 15 na nauyinta gaba ɗaya. Kada kuma ka zarce ka tura komai gaba, don a nan gaban motar ne zai ɗago, sitiyari ya yi sako-sako.

Bari mu yi lissafi. Tirela kilo 600, janareta kilo 1,400, ka ga 2,000 ke nan. Kenan aƙalla kilo 200 na zaune a kan ƙugiyar motarka, kuma cikin kayan motar ake ƙirga shi. In ka ƙara duro biyu na gas da samari shida a bodi, motar ta riga ta gaji tun ba a tashi ba.

Sai ka san ƙarfin motarka, yana cikin littafinta. Wasu sababbin Hilux an rubuta musu har kilo 3,500, amma fa da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. In ba ta da birki, kilo 750 ne iyaka. Yanzu ka tambayi kanka, tirelolin da masu walda ke haɗa mana, nawa ne ke da birki? Tsofaffin motoci kuwa ƙarfinsu bai kai haka ba. Masu jan tankin ruwa su tuna lita 1,000 tan ɗaya ne cur, kuma tankin da bai cika ba ya fi wahalar ja, don ruwan na tunkuɗa motar duk sanda aka taka birki.

Wajen lodi, a fili mai daidai za ka tsaya, ka fara haɗa tirela da mota, ka ja birkin hannu, ka sa weji a taya, sannan a tura inji. Tirelar da ba a haɗa ba, bakinta na iya tashi ya doki mutum. Ƙugiyar kuma a jikin shasi take zama, kada a liƙa maka ita a bamba. Ka sa sarƙa biyu, ka gicciya su a ƙarƙashin bakin tirelar, yadda in ƙugiya ta kuɓuce za su tallabe shi kada ya caki titi.

Ɗauri kuma kusurwa huɗu, da sarƙa ko bel ɗin ɗaure kaya, kowanne yana ja ta nasa ɓangaren. Igiyar shanya da tsohon tub ba sa riƙe inji. In injin mai taya ne, shi ma ka sa masa weji. Bayan kilomita kaɗan ka tsaya ka sake tamkewa, don kaya na zama, ɗauri ya saki. A nan ne kuma za ka kai hannu kusa da tsakiyar taya, in zafin ya yi yawa, boris ne ke neman ci. Ka duba iska, ka sa wani ya tsaya a baya ya ga fitilar birki da sigina na kamawa. Tsumman ja da ake ratayawa ba ya aikin fitila da daddare.

A kan hanya, gudu ne abokin gaba. In ka ninka gudu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya yana ninkuwa kusan sau huɗu, ga kuma tan biyu na tura ka ta baya. Ka ba na gabanka tazara ninki biyu na yadda ka saba. Kwana ka buɗe ta, don tayoyin tirela na yanke ta ciki, inda masu babur ke maƙalewa. Gangara irin ta Hawan Kibo, ka sa ƙaramar giya tun daga sama. In ka dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya daina ci. In kuma tirela ta fara rawa, riƙe sitiyari sak, cire ƙafa daga totur, kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka ƙara wuta. Ka bari ta lafa, ka faka, ka gyara lodi.

Abu na ƙarshe, kuma a kansa na fi jin zafi: kada a ɗora mutum a kan tirela wai ya riƙe kaya. Yaron da nauyinsa bai wuce kilo 60 ba ba zai tare injin tan ɗaya ba, danne shi zai yi. Kuma kullum ɗan talakan da aka ɗauka aikin yini ake ɗorawa. In maigida ya ce ka hau, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, a ƙaro sarƙa." Mu da ke shugabancin ƙungiyoyi, mu ne ya kamata mu fara hanawa.

In haɗari ya faru, Allah ya kiyaye, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122, ku ajiye ta a waya. Direbobin da suka daɗe a harkar, ku ƙara mana abin da na manta a ƙasan rubutun nan, ku kuma tura wa wanda kuka san yana jan kaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.