Yadda Ake Kintacen Man da Za a Iya Ɗiba daga Rijiyar Gwaji

Shi man fetur ba ya kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar ruwan tafki. Yana maƙale ne cikin 'yan ƙananan kafofin dutse, kamar yadda ruwa ke shiga soso. Saboda haka in kamfani ya haƙa rijiyar gwaji ya tarar da mai, ba a san arzikin wurin ba tukuna, sai an yi lissafi, kuma a kan lissafin nan ne masu zuba jari ke sa kuɗinsu.

Da farko akan auna faɗin shimfiɗar dutsen, ta hanyar aika girgiza cikin ƙasa a saurari amsawarta. Sa'an nan a zura na'urori cikin rijiyar, a san kaurin dutsen da yawan kafofinsa. Wannan dabara ta zura na'urar lantarki 'yan'uwan nan Schlumberger ne suka fara ta a Faransa cikin 1927. Ruwan gishiri yana barin lantarki ya wuce, mai kuwa yana tare shi, da haka ake gane rabon kowanne.

Ga misali. A ce dutsen ya kai eka 1,000, kaurinsa ƙafa 50. Eka ɗaya mai zurfin ƙafa ɗaya tana cin ganga 7,758, watau duka ganga 387,900,000 ke nan. Amma kafofin kashi ɗaya cikin biyar ne kaɗai na dutsen, saura 77,580,000. Rubu'in kafofin ruwa ne, saura 58,185,000. Mai kuma yakan tsuke in ya fito, gama iskar gas da ke narke cikinsa tana fita. In ganga shida na ƙasa suka koma biyar a sama, saura wajen miliyan 48.

To, a nan ne mai jari ya kan ruɗe, gama wannan adadi man da ke kwance ne, ba wanda zai fito ba. Mai matsar gyaɗa ta san kome ƙarfin hannunta, sai wani mai ya rage cikin tunkuza. Haka dutse yake. Galibin filayen duniya wajen sulusin mansu ake samu. In akwai ruwa a ƙasa yana tunkuɗo shi, ko aka ɗura masa ruwa, rabon ya ƙaru. In man mai kauri ne, ya ragu ƙwarai. Filin misalinmu ke nan ya koma wajen ganga miliyan 16. Wannan ma sai in farashi ya biya kuɗin haƙa da na bututu, gama man da ɗibarsa hasara ce ba a lissafa shi.

Babbar wahalar ita ce rijiya ɗaya rami ne mai faɗin 'yan inci, ana kuwa so a yi hukunci da ita a kan eka dubu. Don haka masana ba su ba da adadi guda, sai uku: tabbatacce, wanda ake da tabbacin kashi 90 cikin ɗari za a same shi ko fiye, na tsakiya, mai kashi 50, da na sa rai, mai kashi 10. Sai an ƙara haƙa rijiyoyi a gefe tazarar da ke tsakaninsu ke raguwa.

Cuɗa waɗannan rukunoni ba ƙaramin laifi ba ne. Cikin Janairu 2004 kamfanin Shell ya sanar da cire ganga biliyan 3.9 daga tabbataccen adadinsa, wajen humusi ke nan, kuma babban kaso daga filayen Nijeriya yake. Farashin hannun jarinsa ya faɗi, shugabansa Philip Watts ya sauka a watan Maris, hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 120. Man bai gudu ko'ina ba, an dai rubuta shi ne a rukunin da bai kai ba.

A Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, NNPC ta sanar da samun mai cikin 2019, a Nuwamba 2022 kuma Shugaba Buhari ya ambaci fiye da ganga biliyan ɗaya. Mai jarin da ya ji wannan, kafin ya kwance bakin jakarsa, sai ya tambaya ko man da ke kwance ake nufi ko wanda zai fito, a wane rukuni aka sa shi, kuma rijiya nawa aka haƙa.