Waƙoƙin Sallah: Kowa Da Kiɗan Da Ya Karɓe Shi

'Yan matan gida, Sallah fa ta ƙarato. An kai ɗinki, an sayi lalle, an tanadi kayan cincin. To amma akwai aikin da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar ta zo, wato haɗa waƙoƙin da za su yi ta tashi a tsakar gida. A da, sai an kai kaset wurin mai rikodin a kasuwa ya ɗauko wannan ya haɗa da waccan. Yanzu kuwa waya ce da 'yar sifika, kuma galibi a hannun budurwar gida suke. Kin ga ashe ke ce mai kiɗan gidanku.

Abu na farko, 'yar uwa, waƙoƙin nan ba naki ba ne ke kaɗai. Ranar Sallah akwai Kaka, akwai Baba da abokansa, ga ƙanne, wataƙila ma har da dangin wanda ke neman aurenki. In kika cika wayar da waƙoƙin sa'anninki zalla, kamar kin dafa abu guda ne kin ce kowa ya ci shi tun safe har dare. Tun saura kwana uku ki bi mutanen gida, kowa ya faɗa miki waƙa ɗaya da yake so. Za ki sha mamakin labarin da Kaka za ta ba ki a kan tata.

Sai kuma jeri, don kowane lokaci da abin da ya dace da shi. In an sauko daga Idi, fara da bege, sannan ki kawo kiɗan fada, irin su Narambaɗa mai Bakandamiya da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Kotsonsu na tuna wa manya hawan Sallah. In hantsi ya yi, mata na fama da tukwane, nan ne wurin amadar Barmani Choge ta Funtuwa. Ta rasu a 2013, amma har gobe in ƙwaryarta ta tashi sai kin ga Inna na rausayawa da ludayi a hannu.

Bayan la'asar, baƙi sun cika zaure, ba su Mamman Shata da kalangunsa, sai Ɗan Maraya Jos mai kuntigi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma da wuya ki sami dattijon da ba shi da labari a kansu. In ƙawayenki suka iso, kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja: Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Fati Nijar, da Jaruma ta Hamisu Breaker wadda ta game gari a 2020.

Kada ki tsaya a gida kawai. Sa muryar Lata Mangeshkar ta Indiya, wadda iyayenmu suka sani tun zamanin silima. Kawo Oumou Sangare ta Mali, wadda ta yi suna da waƙe damuwar mata, da Pata Pata ta Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu don yara su taka. In dare ya yi, an gaji, jitar Ali Farka Toure ko muryar Ummu Kulsum ta Masar za su kwantar da gida. Sai dai ki sani wasu waƙoƙin Ummu Kulsum kan doshi awa guda, ɗaya ma ta isa.

Ga lissafi mai sauƙi: in waƙa minti 5 ce, 12 ke cika awa. Kada ki jera uku na mawaƙi ɗaya, ko zuma ce tana gundura.

Yanzu ga inda ake yin ɓari. Kada ki kuskura ki sa waƙar da ba ki saurara daga farko har ƙarshe ke kaɗai ba. Wata kiɗanta daɗi, amma a tsakiya akwai kalmar da in ta fito gaban Baba sai kin ji kamar ƙasa ta tsage ki shige. Haka nan in gidanku mata biyu ne, ki raba kanki da waƙar habaicin kishiya. Ke nishaɗi kike nufi, amma wata za ta ce aiko ki aka yi, sai rigimar ta kai wata Sallar. In akwai wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, a gida ko maƙwabta, rage sauti. Da an kira salla kuwa, kashe gaba ɗaya.

Yarinyar da ta iya wannan haɗi, ta nuna ta san mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, kuma manya na lura ko ba su ce komai ba. Allah ya nuna mana Sallah lafiya.