Raunin laka: Aikin da ke jiran iyali bayan an sallamo majinyaci

A ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa na masarautar Daura, wanda ya samu rauni a laka, ko ta haɗarin babur ko faɗowa daga bishiya wajen saro wa dabbobi ganye, akan garzaya da shi Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Sai dai babban aikin yana farawa ne ranar da aka dawo da shi gida.

Laka ita ce jijiyar da ke cikin ƙashin baya, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ƙashi yana ɗoruwa, amma laka idan ta yanke gaba ɗaya ba ta haɗewa. Shi ya sa jan mai ɗori ba ya amfanar ta, yana ma iya ƙara ɓarna. Idan kuwa wani ɓangare ne ya taɓu, akan samu sauƙi, galibi cikin shekarar farko.

A nan iyalai da dama ke karaya. Da an yi 'yan watanni ƙafa ba ta motsa ba, ga tsadar kuɗin mota, sai a daina zuwa gashi. Wannan kuskure ne, domin gashi ba don tafiya kaɗai ake yin sa ba. Shi ke hana gaɓoɓi sandarewa, ya ƙarfafa hannuwa har mutum ya iya hawa kekensa da kansa, ya koma tireda ko ɗinki.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan majinyata shi ne gyambon kwanciya da cutar mafitsara da kan haura zuwa ƙoda. Tun 1944 Dakta Ludwig Guttmann ya nuna a asibitin Stoke Mandeville na Ingila cewa juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, yana ceton rai. Ba ya buƙatar na'ura, sai mutane masu karɓa-karɓa, kada a bar wa mata ko uwa ita kaɗai. A riƙa duba ƙugu da dugadugai kullum, a kiyaye tsaftar robar fitsari. A zafin bazarar Daura kuma a kula, domin mai raunin wuya jikinsa ba ya zufa yadda ya kamata, sai an sanyaya shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta samar da hanyar keke a gine-ginen jama'a. Amma a gida, dokin ƙofar zaure da yashin lungu su ne kan fara tsare mutum a ɗaki, alhali buhun siminti ɗaya kan isa a gyara bakin ƙofa.