Bayani A Kan Tankin Man Sitiyari Da Yadda Ake Sāke Shi

Sau da yawa mai mota yakan wayi gari ya ji sitiyari ya yi nauyi, inji kuma yana wani kuka duk lokacin da aka sha kwana. In ya je gareji sai a ce famfo ya mutu, a aike shi Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sayo wani da kuɗi masu yawa. Alhali kuwa sau tari laifin ba na famfo ba ne, na ɗan tankin nan ne da ke riƙe da mai. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Asalin wannan hikima daga Amurka ne. Wani injiniya, Francis Davis, shi ya gwada ta a 1926, kamfanin Chrysler kuma ya fara sayar da motar shiga mai ita a 1951. Ga yadda take aiki: inji yana juya famfo da bel, famfo ya zuƙo mai daga tanki ya tura shi da ƙarfi, ƙarfin nan shi ke taya hannun direba karkata tayoyi, kana mai ya komo tanki. Yawancin sababbin motoci sun koma ga lantarki, ba su da tankin sam, amma tsofaffin da suka cika hanyoyin Arewa da mai suke aiki.

A ƙasan tankin motoci da yawa, kamar Honda da BMW, akwai 'yar rariya mai tace dauɗa, wadda aka haɗe da jikinsa, ba ta cirewa. In shekaru suka tura, ɓarɓashin roba da na ƙarfe sukan toshe ta. Daga nan famfo ya shiga ƙishirwa, ya dinga kuka, musamman da sanyin safiya sa'ad da mai ya yi kauri. In aka ɗaura sabon famfo a kan toshasshiyar rariya, lalle shi ma ba zai yi tsawon rai ba, an yi hasara biyu ke nan. Sauran alamomi su ne baƙin mai mai ƙauri, da kumfa, da tsagewar tanki saboda zafi.

Amma sāke shi ba wuya. Da farko a kashe inji a bari ya huce, a zuƙe tsohon mai da sirinji. A shimfiɗa tsumma a ƙasa, domin mai yana ɓata bel. A sassauta maƙalan tiyo biyu da filaya: babban shi ke kai mai ga famfo, ƙaramin shi ke komo da shi. A ciro tsohon tanki, a kafa sabo, a mayar da kowane tiyo mazauninsa. Wanda ya bushe ko ya tsage a musanya shi, gama ta nan iska ke shiga. A kiyaye ƙura, balle a lokacin hunturu.

Sa'an nan a zuba mai har ya kai alama. A ɗaga tayoyin gaba da jak, a juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe kamar sau 20, inji yana kashe, don iska ta fita. A ƙara mai, a ta da inji, a duba kumfa da yoyo. Kada a danne sitiyari a ƙarshensa fiye da 'yan daƙiƙoƙi.

Wajibi ne a lura da irin mai. Abin da aka rubuta a murfi ko a littafin mota shi ne abin bi. Tsofaffin Toyota da dama da man giya ja suke aiki, Honda kuwa tana da nata na musamman. Man birki haramiyarsa ne, yana lalata robobin ciki. Tsohon mai kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a kwata.

Saboda haka mai mota ya nemi bakanike ya fara duba tanki da tiyo kafin a yanke wa famfo hukunci. Ɗan kasuwa kuma da ya faɗa wa mai saye wannan gaskiya, ya rasa cinikin yini ɗaya, amma ya sami abokin ciniki na shekaru.