Gargaɗi ga ɗaliban Damargu: a raba shara kafin bazara ta kama

Da ku nake, 'yan Tanut da Belbeji da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ƙannena maza da mata, kuma maganar ba ta jira. Ciyawar daji tana ƙarewa, karan gero da harawar da aka ɗora a kan rumfuna suna ja da baya. Da watan Afrilu da Mayu sun shigo, akuyar da ta rasa abin tsinka a daji za ta juyo cikin gari, ta nufi juji. Abin da ke jiran ta a can leda ce, kuma kowace shekara sai ta fi ta bara yawa.

Ku tambayi kowane mahauci a kasuwar Tanut ko ta Bakin Birji abin da yake tararwa idan ya farke tumbin akuyar gari. Zai gaya muku. Wani dunƙule ne baƙi ƙirin yake fitowa, leda ta nannaɗe da igiyar buhu da tsumma da ledar ruwan sanyi, ya cure ya yi tauri, sai an sa hannu biyu a ciro shi. A tumbin saniya kuwa abin yakan kai kilo da yawa. Cikin dabba ba ya narkar da leda, ba ta kuma fita a kashi. Tana zama a tumbi tana tare wurin abinci, dabbar ta riƙa jin kamar ta ƙoshi alhali yunwa ce ke cin ta. Sai ka ga ciki ya kumbura, haƙarƙari a waje, gashi ya tashi, nono ya ƙafe, kashi ya zama ɗan kaɗan. Mai ita ya ɗauka tsutsar ciki ce, ya sayi ƙwaya ya ɗura mata, ya ƙaro dussa da kuɗin da ba shi da su. Babu maganin da ke narkar da wannan dunƙule. Fiɗa kaɗai ke fitar da shi, kuma likitan dabbobi nawa ne tsakanin Tenhiya da Tarka da za su yi wa akuyar talaka fiɗa? Ƙarshenta a kai ta kasuwa a rabin kuɗinta, ko a sa mata wuƙa da dare don kada ta yi mushe.

A Damargu akuya ba abin wasa ba ce. Ita ce asusun uwa, ita ce kuɗin magani, kuma da yawanku da kuɗinta aka biya muku mota zuwa Damagaram.

Me ke sa dabba ta ci leda? Ba ledar take so ba. Man ƙosan da ya shafe ta take bi, da gishirin miya, da ragowar shinkafa da wake da aka ƙulle a ciki aka jefar. Dabbar da ta yi watanni ba ta lashi gishiri ko kanwa ba, da ta ji wannan ƙanshi sai ta haɗiye duka. A nan matsalar take: haɗa sharar da muke yi wuri guda shi ne yake kisa. Ragowar abinci ita kaɗai abincin dabba ce, ko taki. Gwangwani shi kaɗai kuɗi ne. Gorar roba mai tsabta tana da mai saye. Amma da an zuba su a kwando ɗaya, aka ƙara da mataccen batir da fasasshiyar kwalba, kowanne ya ɓata ɗan'uwansa, abin ya koma guba.

Doka kam akwai ta. Tun ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ta kafa dokar da ta hana yin wannan siririyar leda da shigo da ita da sayar da ita da amfani da ita. Ku dubi ƙayoyin da ke bakin hanyar Agadas, daga fitar Damagaram har Tanut, ku ga abin da ke kaɗawa a jikin kowace aduwa da magarya, za ku san inda dokar ta tsaya. Ruwanda ta hana leda a 2008 kuma ta tsaya a kan maganarta, Kenya ta bi a 2017. A duniya gaba ɗaya, abin da ake sake sarrafawa daga sharar roba bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Saboda haka kada wani ya zauna jiran wata babbar masana'anta ta zo ta share mana gari.

Na zaɓi in fara da ku ne don jami'a ita ce wurin da wannan aiki ya fi sauƙi. Dubban mutane ne a fili guda, kuma shararsu kusan iri ɗaya ce kullum: ledar ruwa, gorar lemo, takardun da aka gama da su, ragowar abincin wurin cin abinci, gwangwanin madara da na kifi. Ba a buƙatar kuɗin Turawa. Tsofaffin duro a raba kowace biyu, a shafa fenti, a rubuta da Hausa da Faransanci. Ɗaya ta abinci, ɗaya ta leda da roba, ɗaya ta ƙarfe da kwalba, takarda kuma a buhu inda ruwa ba zai taɓa ta ba. A sa su a ƙofar ɗakunan kwana da bakin wurin cin abinci da gefen masu shayi, domin nan sharar take fita. Ta ledar a yi mata murfi mai nauyi, in ba haka ba iskar hunturu za ta kwashe ta kafin la'asar. Ragowar abinci kuwa, masu kiwo a unguwannin da ke kewaye da ku da gudu za su zo ɗauka, muddin babu leda a ciki. Gorar roba masu zoɓo da kunun aya suna nema. Gwangwanin lemo maƙeran tukunya ke narkarwa. Ƙarfe da roba mai kauri 'yan gwangwan suna saye a kan sikeli, wasu har Kano ake kai su. Kuɗin ba yawa, amma sun isa sayen tsintsiya da safar hannu ga masu shara, waɗanda su ne kwalba ke yanka idan mun yi sakaci.

Na san za a samu mai cewa wannan aikin 'yan bola ne, shi karatu ya zo yi. To, ba a ce ka tona juji ba. An ce ne ka dubi abin da ke hannunka kafin ka sake shi, ka taka taku biyu zuwa duron da ya dace. Ɗalibin da ke karanta labarin ƙasa ko likitanci, in ya kasa wannan, ban ga yadda zai je ya gaya wa mai garinsu ya gyara ba.

Akwai abin da ya fi leda gaggawa, shi ne batir. Lantarkin hasken rana ya shiga ƙauyukanmu, alhamdu lillahi, kowane mai cajin waya da mai shago yana da faifansa da batirinsa. Batirin nan shekaru kaɗan yake yi ya mutu, musamman a zafi irin namu, kuma cikinsa dalma ce da ruwa mai ƙuna. Idan aka fasa shi a tsakar gida, aka zubar da ruwan a ƙasa, aka narkar da dalmar a kan murhu, ƙurar tana zama cikin turɓayar da yara ke rarrafe. A Thiaroye, a gefen Dakar ta Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu a unguwa guda saboda gubar dalmar tsofaffin batura. Iyayensu ba mugunta suka yi ba, abinci suke nema. Kun kuma ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu, kodayake can daga dutsen zinariya ta fito. Yaron da bai mutu ba, ƙwaƙwalwarsa ce ke taɓuwa, kuma ba ta komawa yadda take. Shanu ma suna lasar fasasshen batir su faɗi. Mataccen batir a bar shi a rufe yadda yake, a ajiye shi a inuwa nesa da yara da rijiya, a mayar wa mai sayarwa idan za a sayi sabo. Haka galan ɗin maganin fara da na ƙwarin wake: kada a zuba ruwan sha ko mai a ciki, ko an wanke shi sau goma.

Ƙona shara ba mafita ba ce. Hayaƙin roba guba ne, kuma mai asma da tsoho da jariri su ne farkon kamuwa. Kwashe juji a amalanke a kai gona a matsayin taki kuwa dabara ce ta iyaye, kuma mai kyau ce a zamanin da juji toka ne da kashin dabbobi. Yau wanda ya zuba shi ba tare da tsincewa ba, leda ya shuka a gonar geronsa, za ta tare ruwa da saiwa, kuma bayan girbi garken da ya shigo kiwon kara shi zai cinye ta.

Siririyar baƙar leda ba ta da mai saye sosai, wannan gaskiya ce. Maganinta shi ne kada a karɓe ta tun farko. Ka je wurin mai wake da kwanonka, ki je kasuwa da kwando ko jakar zane. Wadda ta riga ta taru a cusa ta a buhu a ɗaure, a binne a rami mai shinge, nesa da rijiya da tabki da hanyar dabbobi.

Ina roƙon shugabannin ɗalibai da hukumar jami'a su zauna a kan wannan cikin wannan wata. Ku kuma, hutu na farko da kuka samu, ku kai maganar Tanut da Belbeji da Gangara da Falanko da Olelewa. Ku je ma'aikatar magajin gari ku nemi a sa duro a kasuwa da tasha, ku roƙi liman ya faɗa ranar Juma'a, ku roƙi sarkin fawa ya bari a nuna wa mutane abin da ake cirowa daga tumbi, domin wanda ya gani da idonsa ba ya buƙatar dogon bayani. Kafin nan, yau ɗin nan, kowa ya kira gida ya ce a ɗaure awaki da rana ko a tsince ledar da ke kewayen gida, a kuma ɗauke mataccen batir daga inda yara ke wasa.