Damben Cikin Talabijin Da Ke Ɗauke Mana Yara

 Zancenmu na yau a kan wani wasa ne wanda yawancinmu ba mu taɓa sa masa hannu ba, amma muna jin sunansa a bakin 'ya'yanmu da ƙannenmu, watau Mortal Kombat. Duk wadda ke zaune a Gaya ko Ajingi ta san irin ɗan shagon nan da janareto ke ruri a ƙofarsa, takalman yara zube a waje, ihu na tashi daga ciki. Shi ne gidan gem. Ƙwallo aka fi bugawa a ciki, sai kuma wannan wasan faɗa.

Wasan ya girme ni. Wani kamfani mai suna Midway ne ya fito da shi a birnin Shikago ta Amurka cikin 1992, kuma Ed Boon da John Tobias su ne suka jagoranci ƙera shi. Maimakon zane, sai suka ɗauki hoton mutane na gaske suna naushi da shuri, suka sa a ciki. 'Yan wasa bakwai ne a na farkon, shida maza, mace ɗaya mai suna Sonya. Abin dariya, akwai wani mugu a cikinsu mai jan ido na ƙarfe, wai sunansa Kano. Ba ruwansa da Kanonmu. Mu mutanen Gaya mun san wanda tarihi ya ce ya ba birni suna maƙeri ne da ya tashi daga nan ya tafi Dala neman tama.

To, me ke jan yara haka? Ni a ganina dambe ne aka mayar cikin akwatin talabijin. Mutum biyu ne ke karawa, turmi uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara, ga 'yan kallo a baya suna zuga. Yaron da ba ya iya ɗaga bokitin ruwa, in ya riƙe abin dannawa sai ya ka da wansa a gaban jama'a, a yi ta kiran sunansa har a hanyar makaranta. Wace ce a cikinmu ba ta ji yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago ba? Irin wannan kirarin yaro ke nema. Bugu da ƙari, kowane ɗan wasa yana da sirrin bugunsa: Sub-Zero yana daskarar da abokin karawa, Scorpion yana jefa mashi mai igiya ya fizgo shi. Sai an haddace jerin dannawa kafin su fito, kuma wanda ya sani ba ya faɗa a banza. Na ga ɗalibin da jadawalin bakwai ke ba wuya, alhali yana riƙe da irin waɗannan dannawa birjik a kansa. Ashe ƙwaƙwalwar tana nan.

Amma ga inda suka rabu da dambenmu, kuma nan nake so ku tsaya da ni. A filin dambe, in ɗan wasa ya kai abokinsa ƙasa sai a ce ya yi kisa. Wanda aka kashe ɗin kuwa tashi yake yi ya karkaɗe jiki, don da zarar ya taɓa ƙasa an gama, ba mai ƙara masa ko da yatsa. A Mortal Kombat, bayan an riga an ci mutum, yana tsaye yana layi ba ya iya kare kansa, sa'an nan wata murya za ta ce a ƙarasa shi. Sai a fizge kai tare da ƙashin baya, ko a zaro zuciya, ko a ƙona shi ƙurmus. Wannan wurin shi ne yara suka fi yi wa sowa.

Masu kamfani sun san da haka. Da aka kawo wasan na'urorin gida a watan Satumba na 1993, kamfanin Nintendo ya cire jinin ya sa gumi a madadinsa, shi kuwa Sega ya bar shi a ɓoye, sai an danna wasu maɓallai ya bayyana. Na Sega aka fi saye. Maganar ta kai Majalisar Dattawan Amurka a watan Disamba na shekarar, kuma a 1994 aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa. Mortal Kombat na masu shekara 17 zuwa sama ne a can, a Turai kuma 18 ake rubutawa. A shagunanmu fa, wa ke tambayar yaro shekarunsa in dai ya miƙa kuɗi?

Kada kuma wata ta ce ai mijinta ya buga shi a Sega yana yaro, ga shi lafiya lau. Na da, hotonsa dishi-dishi ne. Waɗanda suka fito a 2019 da 2023 suna nuna ƙashi na karyewa da kayan ciki kamar a mahauta, kuma tun 2015 akwai na wayar hannu. Ba na cewa duk wanda ya buga zai zama ɗan daba. Abin da nake gani a aji ya fi wannan sauƙi, amma yana ci mini rai: gyangyaɗi da safe, canjin aike da ya ɓace, fashin Islamiyya, da ƙaramin yaro ɗan aji biyu da ya bi yayansa kallo ya dawo yana firgita cikin barci.

Uwargida, duka ba ya raba yaro da wurin da ake yi masa tafi. Ki tambaye shi wane ɗan wasa yake ɗauka, za ki sha labari, daga nan ki san inda yake zuwa da wanda yake zama da su. Ki sa masa rana da lokaci, ki ƙirga canjinki a gabansa. In na'urar a gida take, a ajiye ta a falo inda kowa ke wucewa, a bar wa ƙanana na ƙwallo da na tseren mota.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ku ne ake ba goyon ƙanne, kuma sau da yawa ku ne kuka fi mu iya karanta abin da ke jikin kwali ko fuskar waya. In kun ga harafin M ko lamba 18, ku nuna wa Inna, ku janye ƙaramin daga gaban talabijin kafin a kai wurin ƙarasawa.